Giga Huɗu

Kwamfutar Baba ta girme ni da shekara biyu.
Ita ta buga takardar haihuwata
a shagonsa na bakin tashar Jega,
zamanin da ake layi da wasiƙun neman aiki
a ninke cikin aljihu, sun sha gumi.

Shagon yanzu na mai sayar da caja ne.
Ita kuwa tana ɗakinmu, lulluɓe da tsohon zanen Inna.
In an kunna ta sai ta yi nishi
kamar jakin da aka aza wa buhu uku.

Zayyanu ya zo da wasan tseren mota a filas.
Motar ta fito ja wur, har da hayaƙi,
ta yi taku ɗaya, ta tsaya tana tunani.
Kafin ta sha kwanar farko
mun suɗe kwanon tuwo, mun wanke hannu.

Marwana mai gyara ya leƙa cikinta da tocila:
"Injin nata lahiya lau, wuri na ba ta da.
Giga guda mi za ya yi maka?
Awa a ba ka faifai guda
a ce shanya shinkafar fadama duka."

Sati biyar ina ɗinke bakin buhun albasa a Aliero,
har yatsuna suka daina jin basilla.
Na hau mota zuwa Birnin Kebbi,
na sayo ram biyu a leda mai ƙyalli,
'yan falle kore, kowanne da jerin haƙoran zinariya,
ba su kai nauyin kuɗin da na ƙirga ba.

Suka ƙi shiga.
Na juya, na lallaɓa, na yi bisimilla,
ashe wushiryarsu ba ta dace da ta ramin ba.
Wani kuɗin motar kuma.
Mai shago ya ce, "Ai ba ka ce ta tsufa haka ba,"
ya shiga tonon kwali a ƙarƙashin tebur.

Wannan karon na taɓa ƙarfen taga tukuna
yadda Marwana ya koya mini,
na ɓamɓare gidan zanzaro a bayan fanka,
na hure, na danna da manyan yatsu biyu
sai da na ji ƙas, na sake jin ƙas.

Ta yi kuka uku. Allo baƙi ƙirin.
Zayyanu ya miƙo magogin fensirinsa,
na goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya.
Ina mayarwa aka ɗauke wuta.

Sha ɗayan dare ta dawo.
Motar ta tashi kamar shaho ya hango ɗan tsako,
ta wuce gada, ta wuce rami, ba ta waiwaya ba.
Muka toshe bakinmu don kar Inna ta farka.

Baba ne ya farka.
Tun bara yake kirana da sunan ƙanensa da ya rasu,
ya ci abinci ya tambaya ko an sauke.
Ƙarar fankar ce ta jawo shi bakin ƙofa.
Ya ja kujera, ya gyara zama,
yatsunsa takwas suka sauka a layin tsakiya
ba tare da ya duba ba.

Ya fara bugawa.
Motar ta yi hagu, ta yi dama, ta daki katanga,
ta ja da baya, ta sake dukanta.
Zayyanu ya buɗe baki, na take masa ƙafa.

Da ya kai aya sai ya ɗago,
ya dube ni yadda yake duban mai kawo aiki:
"Kwafi nawa za a fitar?"

Na ce biyu.